Jif ɗin da ta daɗe a ajiye

Malam, ka tambaya ko ka sayi Land Cruiser ɗin da ta shekara uku a ajiye a Apapa. Kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka. A Legas iskar teku da damshi suna cin ƙarfe, don haka a ɗaga ta ka duba tsatsa a shasi da bututun birki. Ɗaga kafet ma, ko ambaliya ta taɓa shiga.

Kada a tayar da ita da tsohon fetur, a zubar, a canza baƙin mai da man birki. Duba tsufan tayoyi ma: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikin taya mako da shekarar ƙirarta ne. Makanikenka ya gwada giyar taya huɗu, kai kuma ka tantance takardun kwastam kafin ka biya ko sisi.