Bincike, nazari da ganowa a hira da malaman jami'a

Tambaya daga Gombe: Malam, ina gabatar da shiri a rediyo inda nake hira da malaman jami'a kan ayyukansu, daga masana kimiyya har masana tarihi. Mene ne bambancin bincike da nazari? Kuma yaushe ya dace in ce "ya gano"?

Amsa: Malama, nazari daga Larabci muka aro shi, asalinsa duba ne. Mai nazari yana zaune da abin a gabansa, yana juya shi: waƙa ce, ko tsohon rubutun ajami, ko alƙaluma. Bincike kuwa akwai fita nema a cikinsa, da bin diddigi. Malamin da ya je madatsar ruwa ta Dadin Kowa ya ɗebo ruwa da katantanwa don neman ƙwayar tsargiya, bincike yake yi. In ya dawo ɗakin gwaje-gwaje ya zauna kan abin da madubin ƙara girma ya nuna masa, ya shiga nazari. Yawancin ayyukan jami'a sun haɗa duka biyun, don haka ki tambayi baƙonki wane mataki ya kai.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne "gano". Wannan "o" na ƙarshe shi ne na sayo da ɗauko, yana nuna an je an dawo da abu. Don haka "ya bincika" bai nuna an samu komai ba, "ya binciko" ya nuna an samu. Ana gano abin da dama yana nan, kamar man fetur na Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, wanda aka sanar da samunsa a 2019. Abin da babu shi a da, irin sabuwar na'urar casar shinkafa, ƙirƙiro shi ake yi. In kuwa malamin ya ce miki "alamu sun nuna", kada ki mayar masa da shi "an gano". Manomi na saurare, kuma da maganarki zai yi aiki a gonarsa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Bauchi: Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To, ina matsayin hasashen da ake sa mu rubuta a farkon kundi?

Amsa: Ɗalibi, karin maganar nan kan mutane take: zargin wani da sata ko mugunta ba hujja. Ba ta shafi aikinka ba. Hasashe magana ce da ka ajiye a fili don a gwada ta, kuma ka yarda tun farko cewa gwajin zai iya rushe ta. Misali, ka ce zafin ruwan Wikki da ke Yankari ba ya sauyawa da rani ko damina. Sai ka ɗauki ma'aunin zafi, ka auna a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, wata bayan wata, ka ga ko zai tsaya a wajen digiri 31 da aka san shi da shi. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su auna sau biyu da hunturu su yanke hukunci kan shekara guda. Karin maganar da ta dace da babin nan naka ita ce sai an gwada akan san na ƙwarai.