Tambayi Likita: Ƙarfin Ɗan Kokowa da Cinyar Ɗan Ƙwallo

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ɗan kokowa ne a Mirriya, shekarata 22, nauyina kilo 78. Kullum safe da yamma ina ɗaga ƙarfen siminti, amma wata uku ke nan ƙarfina bai ƙaru ba, ga ciwon ƙugu. Burina a sa ni cikin ƴan kokowar Damagaram masu zuwa neman takobi, kyautar zakaran gasar kokowa ta ƙasar Nijar.

Amsa: Ƙanena, "kullum safe da yamma" ɗin nan shi ne ya tsayar da kai. Ɗaga nauyi yana gajiyar da tsoka ne, ginuwarta kuwa sai a lokacin hutu, kuma tsokar da ta sha aiki mai nauyi tana son kamar awa 48 kafin a sake dawo mata. Ka koma kwana uku a sati, misali Litinin, Laraba da Asabar, sauran ranakun ka bar su ga kama kokowa a rairayi.

Motsi huɗu sun ishe ka: tsuguno da nauyi a kafaɗa, ɗaga nauyi daga ƙasa zuwa cinya, tura nauyi sama da kai, da jan jikinka sama a kan ƙarfe. Ka zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 5 ka ji da sauran ɗaya ko biyu a jikinka. Ka yi zubi 4, ka huta minti 3 cif tsakaninsu. Matasa ba su son wannan hutun, suna ganin ragonci ne, alhali wanda ya ɗaga sau 30 babu tsayawa juriya yake koya wa jikinsa, ƙarfin cira abokin karo daga ƙasa ba ya samuwa a haka. Ranar da ka iya sau 7 da tsabta, ka ƙara kilo 2. Kowane sati na huɗu ka rage aikin da rabi, haka kuma kwana 10 kafin gasa.

Batun ƙugu, abu biyu nake zargi. Na farko ƙarfen kansa: simintin da aka zuba a gwangwani biyu da wuya ya zo daidai, sai jiki ya riƙa karkata gefe guda ba ka sani ba. Ka kai shi kan sikelin masu awon hatsi, a auna kowane gefe. Na biyu ranƙwafa baya lokacin ɗauka daga ƙasa. Ƙarfen ya kasance dab da ƙaurinka, baya a miƙe, ka cika ciki da numfashi, ka tura ƙasa da dugadugai. In ciwon yana sauka ƙafa kamar wutar lantarki, ko ƙafar tana mutuwa, ka ajiye ƙarfe ka zo asibiti.

A nauyinka kana buƙatar kamar giram 125 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, ɗanyen wake giram 100 yana da kusan 23, litar nono tana da fiye da 30. Wake, nono, ƙuli-ƙuli da ɗan nama a raba su sau uku ko huɗu, tare da barcin awa 8, za su kai ka.

Tambaya: Ina buga ƙwallo a unguwar Birni. Sau biyu tsokar bayan cinyata tana tsinkewa in na tashi gudu da ƙarfi.

Amsa: Wadda ta taɓa tsinkewa ita ce ta fi saurin maimaitawa, galibi don an koma fili ba ta gama warkewa ba. Kada ka koma wasa sai ka iya gudu iya ƙarfinka babu ciwo. Ga motsin da aka gwada a kan ƴan ƙwallo aka ga yana rage wannan rauni da kusan rabi: ka durƙusa a kan tabarma, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa faɗuwa gaba a hankali jikinka a miƙe, kana riƙe kanka da bayan cinya, sai ka tare ƙasa da hannu. Satin farko zubi 2, sau 5 kowanne, rana ɗaya kawai, domin yana sa tsami sosai. A hankali ka kai zubi 3 sau 8. Kuma kada ka fara gudu da sanyin jiki, ka ɗumama shi na minti 15.

Tambaya: Abokaina suna shan tiramol kafin horo, wasu kuma dekisa don su yi jiki. Suna ƙara ƙarfi?

Amsa: Ko kaɗan. Dekisa ruwa da kitse yake tarawa a fuska da ciki, yana kuma cinye tsokar cinya da tayar da sukari. Wanda ya wuce sati uku yana sha kada ya bari lokaci guda, likita ne zai rage masa. Tiramol kuwa ɓoye ciwo yake yi, mutum ya ci gaba da aiki a kan rauni, yana jawo farfaɗiya da kamuwa da jarabar shansa, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Haɗarinsa ya fi yawa a zafin Afrilu da Mayu, da Damagaram ke wuce digiri 40. Ku yi horo bayan asuba, ku hau sikeli kafin da bayan, kowane kilo da ya ragu a maida shi da ruwa lita ɗaya da rabi. Wanda fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan horo ya zo asibiti a ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari.

Tambaya: Ɗana mai shekara 13 ya fara ɗaga ƙarfe, an ce min zai hana shi tsawo.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ya hana tsawo. Ya fara da nauyin jikinsa, sannan ƙarfe mara nauyi da zai iya ɗagawa sau 10 zuwa 15, kwana biyu ko uku a sati, da babba a tsaye kusa da shi. Abin da za ki hana shi ne gasar "wa ya fi ɗaga mai nauyi" da sa'anninsa.