Tambayi Likita: tsuntsaye sun tare mana a gida, ya za mu yi?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka shigo wannan karon da yawansu akan tsuntsaye ne, masu sheƙa a silin da masu kwana akan tanki da taga, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Likita barka da aiki, dan Allah tantabaru ne suka tare mana cikin silin, ba namu bane, kullum da asuba sai kuka da kacar-kacar, in rana tayi kuma ga wari, kuma yarona ɗan shekara 7 yana da asma tun da suka zo tarinsa ya ƙaru musamman da dare. Maigidan yace zai sa almajiri ya hau ya share. Su ne ke tayar masa da ciwon?

Amsa: Hajiya, zai iya yiwuwa sosai su ne. Amma kafin komai, dan girman Allah kada a tura yaro cikin silin ɗin nan, almajiri ne ko ɗan gida, huhunsu ɗaya ne kuma aikin na babban mutum ne da ya shirya.

Kashin tantabara in ya bushe a ƙarƙashin kwano mai zafi yana komawa gari, ga wata farar ƙura da ke fita daga gashinsu, duk su taru akan silin. Ki ɗaga kai ki duba inda aka rataya fanka da inda wayar ƙwan lantarki ta fito da gefen bango inda silin ya ɗan rabu, sau da yawa za ki ga wani toka-toka ya zagaye wurin, to ta nan yake sauka fanka kuma ta watsa shi ɗaki yaro ya kwana yana shaƙa. Ki mayar da shi wani ɗakin tun yau, ya ci gaba da maganin shaƙarsa yadda aka rubuta masa, in yana tashi cikin dare da tari fiye da sau ɗaya a sati ki mayar da shi asibiti a sake duba maganin kuma ki faɗi maganar tantabarun da bakinki, don ba kowane likita ne zai tuna ya tambaya ba. Akwai ma wani ciwon huhu da masu kiwon tantabara ke samu, busasshen tari da haki da rama, har a ɗauka tarin fuka ne a ɗora mutum kan magani na wata 6 alhali ƙurar tsuntsu ce ke cinsa. Shi yasa nake nacin a faɗa.

Ranar sharar a fitar da yara da tsofaffi da mai ciki daga gidan. A kashe wuta daga mita saboda wayoyin da ke ciki, a yi aikin da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi. Mai aikin ya sa takunkumi N95, na yadi bai tare wannan ƙurar, ya sa safar hannu. Kuma kada a taɓa sa tsintsiya a busasshen kashi. A haɗa Hypo ko Jik kofi 1 da ruwa kofi 9 a yayyafa ya jiƙa, a bashi kamar minti 15, sannan a kwashe da shebur cikin leda a ƙulle. In silin ɗin na kwali ne kuma ya sha kashi ya lotsa, canza shi kawai za a yi.

Sai toshe hanya, wanda shine ainihin maganin. A sayi ragar waya mai ƙananan ido a bi duk tsakanin bango da kwano a buga. Amma a leƙa tukuna, tantabara ƙwai 2 take yi, ta kwanta kwana 18, 'ya'yan kuma su yi kusan wata kafin su tashi, in aka rufe da su a ciki mutuwa za su yi su ruɓe a koma fama da tsutsa da ƙuda, ga alhaki. A fito da su ko a jira su tashi. Faifan CD da ake ratayawa da mujiyar roba da leda mai kaɗawa duk na 'yan kwanaki ne, suna sabawa. Abin da ke riƙe su a gida shine dusa da tsabar da ake shanyawa a tsakar gida da guntun tuwo a wurin wanke-wanke.

Tambaya daga wani bawan Allah: Likita ina ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ina shan magani amma na ɗan yi wasa da shi kwanakin baya. Ƙanena yana kiwon tantabara a gidanmu, naji ance kashinsu na kawo sanƙarau, gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa na gode da ka fito ka tambaya, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne. Akwai wani naman gwari da ido baya gani, sunansa Cryptococcus, yana son tsohon kashin tantabara ƙwarai, mutum ya shaƙe shi ta iska. Mai cikakkiyar garkuwa yawanci ko a jikinsa, amma wanda CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwa da ake aunawa a jini, ya faɗo ƙasa da 200, balle ƙasa da 100, abin na iya haurawa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura a Afirka. Ba irin sanƙarau na lokacin zafi bane da ke kayar da mutum cikin kwana ɗaya, wannan a hankali yake zuwa, ciwon kai na sati 1 sati 2 da baya jin Panadol, amai, ido na ƙin haske ko gani biyu-biyu, daga baya a fara ruɗewa. Duk wanda ya ga haka asibiti a ranar.

Abin da nake so kayi, ka koma inda kake karɓar magani ka faɗa musu gaskiya cewa ka yi tsallake, ba wanda zai kore ka, ka nemi a auna CD4, in yayi ƙasa akwai gwajin jini da ake kira CrAg wanda ke gano abin tun bai nuna alama ba a fara baka maganin naman gwari mai suna fluconazole. Kada ka share ɗakin tantabarun, kada ka tsaya wurin in ana shara, kuma a matsar da shi nesa da tagarka. Amma ka sani ko an kwashe tantabarun gidan gaba ɗaya wannan abu yana nan cikin ƙasa da wasu itatuwa, babbar kariyarka itace maganinka kullum akan lokaci. Wannan gargaɗin ya shafi wanda aka yiwa dashen ƙoda da mai shan prednisolone na dogon lokaci da mai karɓar maganin ciwon daji.

Tambaya daga Zariya: Mun cire sheƙar gwara a bayan AC ɗin ɗakinmu, tun daga ranar ni da matata da jariri muke ta susa, ƙuraje jajaye ƙanana a wuya da hannu, mun duba katifa ba kuɗin cizo.

Amsa: Malam wannan yayi kama da 'yan ƙananan ƙwarin da ke zama cikin sheƙa suna shan jinin tsuntsu, dangin ƙwarƙwatar kaji. Da kuka cire sheƙar suka rasa abinci suka biyo ramin bututun AC suka shigo. Ka ɗora farar takarda a bakin tagar ko ƙarƙashin AC ɗin da dare ka haska fitila, za ka ga wasu ɗigo-ɗigo kamar an ɗiga biro suna tafiya, in ka murje wani ya bar jan tabo. Ba sa iya hayayyafa a jikin mutum, da yawa cikin sati 2 zuwa 3 sun mutu, sai dai akwai irin da ke laɓewa a tsagar bango ya daɗe. A wanke wurin da ruwan zafi da omo, a toshe ramin da siminti, a wanke zannuwan gado a shanya a rana a goge. Ku manya calamine na shafawa da cetirizine na sha don ƙaiƙayi sun isa, jaririn calamine kaɗai kuma a yanke masa farce, kada a shafa masa kananzir ko man nan masu haɗi uku na kemis. In ƙaiƙayin ya koma tsakanin yatsu da cibiya da gaba, to ƙazuwa ce, maganinta daban, kuje a duba.

Tambaya daga Gusau: Wani ya bani shawara in jiƙa gero da Sniper in watsa akan rufi, yace kwana ɗaya an gama da su. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, babba ma. Kada ka yi, ina roƙonka. Sinadarin da ke cikin Sniper da ota-fiya-fiya sunansa dichlorvos, yana shiga jiki ta baki da fata da numfashi. Geron zai gangaro tsakar gida kaji su tsattsaga, yaro mai rarrafe ya ɗauka ya kai baki, ruwan sama ya wanke saura cikin randa. Tantabarar da ta ci kuma ba nan take faɗuwa ba, sai ta je wani layin ta faɗi tana mashalo yara su tsinta su yanka su gasa, kai baka ma san ka jawo ba. Alamar gubar sune dalalar miyau, gumi, hawaye, amai da zawo, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi, ƙirji na kurari. In haka ta faru a tuɓe kayan a wanke jiki da sabulu, kada a ɗura manja ko madara kada a sa yatsa a maƙogwaro, a kwantar da shi ta gefe a ruga asibiti tare da kwalbar, akwai allurar atropine kuma tana aiki in an zo da wuri. Mafi muni shine ƙwayar nan ta adana wake da masara da wasu ke jefawa cikin silin, iskar da take fitarwa tana kashe mutanen ɗaki cikin barci kuma ita ba ta da makari.

Tambaya daga Maraɗi: Shamuwa da balbela na kwana akan bishiyar da ta rufe kwanonmu, kuma ruwan indararo muke tara muna sha, yara na yawan zawo da damina.

Amsa: Baiwar Allah, kashin tsuntsu na ɗauke da ƙwayoyin zawo irin su Salmonella da Campylobacter, kuma rufin ku kullum cikin karɓarsa yake. Ku bar ruwan farko ya zube ya wanke kwanon sai ku tara na baya, shi ma a tafasa wanda za a sha ko a sa ƙwayar tsaftace ruwa ta Aquatabs, randa da tanki kuma a rufe ruf. Reshen da ya hau kan rufin a sare shi bayan shamuwa ta tashi da ƙarshen damina, ba lokacin da take da 'ya'ya ba. Yaron da ya fara zawo a bashi ORS da zinc na kwana 10 zuwa 14, in da jini ko ya ƙi sha ko ido ya faɗa sai asibiti.

Tambaya daga Bauchi: Mujiya ke kwana a kangon da ke jikin gidanmu, kakarmu tace ita ta sa jaririna rashin lafiya a kashe ta.

Amsa: 'Yar'uwa a gaida Kaka, amma kukan mujiya baya sa ciwo. Ki kai jaririn a auna shi, zazzaɓi a ɗan ƙasa da wata 3 ba abin jira bane ko na kwana ɗaya. Mujiyar kuma ɓeraye take ci duk dare, ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lassa, kuma Bauchi na cikin jihohin da ke fama da shi duk rani. Ni da za a bi tawa a bar ta a kangon, a sa raga a tagoginku shikenan.

Tambaya daga Kaduna: Muna tsintar matattun kurciyoyi a gida, yanzu kuma kajina sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Murar tsuntsaye ce? Za mu iya yanka sauran mu ci?

Amsa: Gwaji ne kawai zai raba, don ciwon Newcastle da ke share kaji lokacin hunturu shima haka yake yi kuma ya fi yawa. Amma murar tsuntsaye ba baƙuwarmu bace, a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'inta mai suna H5N1 a wata gonar kaji a Jaji nan jihar Kaduna, a watan kuma ta bayyana a Magarya ta Nijar, a farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Yawancin mutanen da suka kamu wurin yanka da fiɗa da figar kaza mara lafiya suka ɗauka, don haka a'a Malam, kada a yanka kada a sayar. Mushen a ɗauke shi da leda a hannu a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba, yara kada su taɓa, a wanke hannu da sabulu. Ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka kulle sauran kajin ka rufe abincinsu da ruwansu yadda tsuntsun waje ba zai sa baki ba. Duk wanda ya taɓa su ya lura da kansa kwana 10, in zazzaɓi ko tari ko jan ido ya zo yaje asibiti ya faɗi cewa kaji na mutuwa a gidansu.