Sau nawa aka gyara dokar yaƙi da ta'addanci?

Malam, ka tambayi ko dokar da Majalisar Tarayya ta zartar a Abuja a 2011 ce har yanzu take aiki. Ba ita ba ce. An yi mata kwaskwarima a 2013, bayan hare-haren Boko Haram sun tsananta, inda aka tsaurara hukunci har zuwa kisa, aka kuma ɗora wa Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro alhakin haɗa kan hukumomin tsaro. A 2022 aka soke ta baki ɗaya, Shugaba Buhari ya rattaba hannu kan sabuwa, wadda ta fi mayar da hankali kan toshe hanyoyin kuɗin 'yan ta'adda, kuma a ganina nan ne aka taɓo ainihin ciwon.