Dalilin Ƙin Ba da Katin Bashi a Ƙungiyar Lamuni

Malam, ka tambayi abin da ya sa ƙungiyar lamuni ta mambobi a Amurka ta hana ka katin bashi alhali kana da ajiya a wurinta. Ajiya kaɗai ba ta wadatar, domin abin da suke aunawa shi ne tarihin biyan bashinka da yawan abin da ake bin ka gwargwadon kuɗin shigarka.

Doka ta wajabta musu aiko maka takarda mai bayyana dalili ko hanyar nemansa, kuma kana da kwana 60 ka karɓi rahoton bashinka kyauta daga kamfanin tattara bayanan bashi da suka duba rahotonsa, kamar Experian. Abin da na fi gani ga sababbin zuwa ƙasar shi ne rashin tarihin bashi gaba ɗaya, kuma maganinsa shi ne farawa da katin da ake ajiye kuɗin jingina kafin a bayar.