Amsa: Shin da Narcos Wagner Moura ya fara fitowa?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko da Narcos, shirin talabijin mai dogon zango, ɗan wasa Wagner Moura ya fara. A'a, lokacin da ya fito a shirin a matsayin Pablo Escobar, dillalin miyagun ƙwayoyi na Colombia, a 2015, ya daɗe da yin suna a Brazil. A dandamalin wasan kwaikwayo na birnin Salvador ya taso, wasan A Máquina ya kai shi Rio a 2000. A 2007 ya yi Tropa de Elite, fim ɗin da ya ci kyautar Zinaren Beyar a bikin fina-finai na Berlin a 2008.

In kana son gane ƙwarewarsa, nemi Paraíso Tropical, wasa mai dogon zango na gidan talabijin na Globo, shi ma na 2007. Irin wannan shiri ana rubuta shi ne yana kan tafiya, kwana shida a mako ake nunawa. Wanda bai goge da haddar dandamali ba, nan take muryarsa da motsinsa ke tona shi.