Likita, ko tuƙin tirela da tramol na hana mutum haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni direban tirela ne, Kano zuwa Legas nake yi. Shekara biyu da aurena har yanzu shiru, matata an duba ta an ce lafiyarta ƙalau. Ina shan taba, nakan ɗan kora tramol saboda gajiyar hanya, amma wajen kwanciyar aure ba ni da matsala ko kaɗan. To ta yaya abin zai zama daga ni?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya kawo masu albarka. Maganar nan taka ta ƙarshe ita ce ke yaudarar maza da yawa, kuma wallahi tana damuna, domin ƙarfin kwanciya daban, ƙwayoyin haihuwa daban, mutum zai iya kawo maniyyi mai yawa alhali ƙwayoyin da ke ciki kaɗan ne ko kuma ba sa motsi, ido ba ya gani sai madubin likita. Kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri, da hannun matsalar namiji a ciki, amma kullum matar ake ja zuwa asibiti.

Tramol ɗin nan shi na fi jin tsoro. In ya zama jiki yana rage sinadarin mazakuta da maraina ke buƙata wajen ƙera ƙwayoyin. Taba kuma tana rage yawansu da motsinsu. Sai zafi: Allah ya ajiye maraina a waje ne don su fi sauran jiki sanyi, kai kuwa ka wuni ka kwana a kan kujera mai zafin inji, cinyoyi a haɗe. Duk inda ka tsaya ka sauko ka ɗan taka, ka riƙa sa wando mai walawa.

Ka je a yi maka gwajin maniyyi, bayan ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. In ka taɓa ciwon sanyi ka faɗa wa likita, kar ka ji kunya, yana iya toshe hanyar maniyyi. Kada ka yanke tramol rana ɗaya in ya riga ya kama ka, a asibiti za a rage maka a hankali. Maganin ƙarfin maza na tasha kuwa ka rabu da shi.

Sabbin ƙwayoyi na ɗaukar kamar kwana 74 kafin su nuna, don haka in ka gyara yau, sai bayan wata 3 za a sake gwaji a ga bambanci.